In hular buji ta maƙale

Motocin kasuwa da ke shiga ƙauyuka suna shan wahala. Ga rairayi, ga rana, ga kaya. In mota ta lalace tsakanin Maraɗi da Dakwaro, ko bisa hanyar Tanut, babu gareji kusa. Direba da yaron mota su ne makanikai. Sau da yawa abin da ya tsai da su ƙarami ne: sun so su duba buji, hularshi ta ƙi fita, yaro ya fizgi waya, ta tsinke.

Mota mai shan esansi, kamar Peugeot 404 ko 504, tana da buji huɗu. Buji shi ke ba da tartsatsin da ke kunna esansi cikin moter. Wuta tana fitowa daga delko, ta bi waya, ta isa kan buji. Ƙarfin wannan wuta ya fi volt 10.000. Shi ya sa aka rufe bakin waya da hula ta roba, don wuta kar ta tsere, ruwa da ƙura kar su shiga. Mota mai shan gazwal ba ta da irin wannan buji.

Mi ke sa hula ta maƙale? Zafi ne. Moter yana gasa roba wata da watanni, har ta bushe ta manne ma farin jikin buji kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Aiki na farko shi ne a kashe mota, a cire makulli. Wanda ya taɓa waya moter na tafiya, wuta za ta girgiza shi har kafaɗa. Sa'an nan a jira moter ya huce. Fasinja za su yi ta gunaguni, amma roba mai zafi tana yagewa da sauri, hannu kuma yana ƙonewa.

Hula ake kamawa, ba waya ba. Nan ne yawancin yara ke kuskure. Wayoyi da yawa ba su da jan ƙarfe a ciki, zare ne mai baƙin gari kamar gawayi. In an ja, sai ya katse daga ciki, ido bai gani ba. Mota za ta tashi, amma tana rawa, ba ta da ƙarfin hawan tudun rairayi, tana shan esansi fiye da da.

In an kama hula, kar a ja tukuna. A murɗa ta dama kaɗan, a murɗa ta hagu kaɗan, sau biyar ko shidda, har a ji ta saki. Sa'an nan a ja ta miƙe, ba a karkace ba, don jikin buji yana fashewa kamar tangaran. In buji yana cikin rami mai zurfi, yatsu ba su kai, a naɗa tsumma a bakin awartaki, a kama hula da shi a hankali. Wuƙa ba ta da aiki a nan. Kar kuma a zuba esansi ko man moter wai don ta yi santsi: suna kumbura roba, su lalata ta.

In hula ta yage, guntunta ya tsaya a rami, a lanƙwasa bakin siririn ƙarfe kamar ƙugiya, a zaƙulo shi. Kafin a kwance buji, a hura ramin da pompin taya. Rairayin da ya faɗa cikin moter yana cin ƙarfe. Hula da ta tsage ba ta gyaruwa da ɗauri, sai sabuwa.

Abu guda kuma: waya ɗaya ake cirewa, a gama da ita, a maida ta, kana a taɓa ta biyu. In an cire huɗu gaba ɗaya aka rikita su, mota za ta yi ta harbi kamar bindiga, ko ta ƙi tashi sam.

Wajen maidawa, a shafa ɗan man silikon cikin hula, in akwai. A danna ta har a ji ta ce ƙas. Masu lambun albasa na Galmi da ke ban ruwa da injin esansi, da masu babur, buji guda gare su, amma hularshi haka ake cire ta.