Ruwan lagireto: yadda ake ƙara shi da irin wanda ya kamata a saya

Ƴan uwa manoma da direbobi, idan bazara ta kama, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi a Tawa da Ƙonni da Maraɗi yakan wuce digiri 42 a inuwa. A lokacin ne kuma ake kwasar albasar Galmi zuwa kasuwanni. Duk mai bin hanya ya saba ganin mota tsaye a gefe, tururi na tashi daga gabanta, yaron mota ya tafi neman ruwa da bido. Kaya na lalacewa a rana, mai mota na lissafin kuɗin gyara. Sau da yawa mafarin wannan asara shi ne ruwan da aka zuba wa motar.

Man da ke ƙonewa cikin injin yana haifar da zafi mai tsanani. Ruwa ne ke zagayawa cikin jikin injin, ya ɗebo zafin, ya kai shi lagireto, wanda makanikanmu ke kira radiyater. Can iska ke sanyaya shi, sannan ya koma. Injin mai lafiya yana aiki wajen digiri 90, ruwa zalla kuwa yana tafasa a digiri 100. Kun ga tazarar ba ta da yawa.

Akwai wani ruwa mai launi da ake sayarwa domin wannan aiki. A jikin bidonsa za ku ga an rubuta «liquide de refroidissement» ko «antigel» da Faransanci. Ma'anar antigel ita ce mai hana daskarewa. Shi ya sa mutane da dama ke cewa: mu da ba mu da ƙanƙara, me za mu yi da shi? Gaskiya ne, in ba a duwatsun Ayar ko a Tenere cikin daren hunturu ba, da wuya ruwa ya daskare a ƙasarmu. Amma hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Idan an gauraya shi rabi da rabi da ruwa, sai zafi ya kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa. Idan kuma murfin lagireto na riƙe iska sosai, yakan wuce 120 bai tafasa ba. Babban aikinsa a wurinmu shi ne hana tsatsa cin ƙarfe da alminiyom na cikin injin.

Ruwan rijiya fa? Ku leƙa cikin tsohuwar butar shayi. Za ku ga wani farin abu ya kama gindinta kamar ƙanzo. Gishiri ne da farar ƙasa da ke cikin ruwan. Hanyoyin lagireto ƙanana ne, wasu ba su kai kaurin karan alkama ba. Wannan ƙanzo yana toshe su sannu a hankali, har ranar da mota za ta ɗauki kaya masu nauyi ta tafasa. Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa, wanda aka rubuta wa «eau distillée» ko «eau déminéralisée». Ku lura da kyau: a kasuwa akan kira shi ruwan batir, akan kuma kira asid ruwan batir. Asid yana cinye lagireto, yana ƙona hannu. Ku karanta rubutun kafin ku biya. In babu tataccen, ruwan sama da aka tace da ƙyalle ya fi na rijiya. In kuwa cikin daji ne mota ta rasa ruwa, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, sai a sake shi idan an isa gari.

Ana duba ruwa da safe, kafin a tada mota, tana tsaye a wuri mai daidai. Motoci da yawa suna da wata farar roba kusa da lagireto, mai layi biyu. An rubuta MAX a na sama, MIN a na ƙasa. Ruwa ya tsaya tsakanin layukan nan. Kada a cika shi har baki, domin yana kumbura idan ya yi zafi. Idan an rubuta «prêt à l'emploi», an riga an gauraya shi, zuba shi kawai ake yi. Idan an rubuta «concentré», sai an surka. Motar da ke cin lita 8 tana son lita 4 na maganin da lita 4 na tataccen ruwa. Kada maganin ya kasa kashi ɗaya cikin uku, kada kuma a zuba shi zalla, domin shi kaɗai bai kai ruwa iya ɗebe zafi ba.

Wajen zaɓe ne aka fi yin kuskure. Akwai iri biyu manya. Na dā, mai rubutun «minéral», ana sake shi duk shekara 2. Na baya-bayan nan, mai rubutun «organique», yana kaiwa shekara 5. Idan an haɗa su, ƙarfinsu na hana tsatsa yana raguwa, wani lokaci har su yi kauri kamar kunu su toshe hanya. Masu shago sukan ce kore da kore, ja da ja. Mu dai ba mu yarda da wannan ma'auni ba, domin launin rini ne kawai, kowane kamfani da nasa. Toyota na da ja, tana da mai ruwan hoda. Volkswagen na kiran nata G11 da G12. Ana samun kore na dā, ana samun kore na zamani. Abin dogara shi ne littafin mota da rubutun jikin bido.

Galibin motocinmu na hannu ne, ba littafi, ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Idan kaɗan ne ya ragu, a ƙara tataccen ruwa kawai. Idan ruwan ya yi ja da tsatsa, a sa makaniki ya zubar da shi duka, ya wanke, a zuba iri ɗaya. Sannan a rubuta sunansa da ranar a ɗan littafi, a ajiye cikin mota. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan a fili. Ruwan da ke raguwa kowane mako kuwa, yoyo ne, a nemi inda yake. Haka tarakta take. Ƙananan injunan ban ruwa masu shan esansi iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto.

Saura batun lafiya, wanda ya fi na mota nauyi. Kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan na cikin matsi, yana fitowa da ƙarfi ya watsu a fuska da ƙirji. A jira har hannu ya iya taɓa lagireton, a sa tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, kansa na iya tsagewa. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta a wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko man goge haƙori. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita.

Shi kansa ruwan mai launi guba ne. Yawancinsa ana yin sa da wani abu mai suna etilen gilikol, wanda ke da zaƙi. Wasu kamfanoni na sa masa ɗaci, amma ba duka ba. Yaro na ganin sa kamar lemon kwalba. Kashi ɗaya cikin goma na lita na zallansa yana iya kashe babban mutum, na yaro bai kai haka ba ko kusa. Don haka kada a juye shi cikin kwalbar lemo, kada a ɗebi ruwan sha da bidonsa ko an wanke. Tsohon da aka zubo daga mota a tara shi cikin abu mai murfi a bar wa gareji. Kada a zubar kusa da rijiya ko inda awaki da karnuka ke shan ruwa.

Wanda ya sha, da fari yakan yi tangaɗi kamar mai maye, ya yi amai. Daga baya sai a ga kamar ya samu sauƙi, alhali gubar na cin ƙodarsa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku fitsari ke ɗaukewa. Kada a jira alamu, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi madara da sunan magani. A kai shi gidan likita nan take, a tafi da bidon domin ma'aikacin lafiya ya karanta. Idan ya ce a wuce babban asibiti, a wuce a ranar, domin maganin gubar yana aiki ne kafin ƙoda ta lalace.