Mota Marar Direba Da Cunkoson Hanya

Sau da yawa matafiyi kan tarar motoci sun yi cirko-cirko a babbar hanya, ya zaci haɗari aka yi. Da ya ƙarasa gaba sai ya ga babu komai. To, me ya tsayar da su?

A shekarar 2008 waɗansu masana a Japan suka ba da amsa. Sun jera motoci 22 a wata kewayayyiyar hanya mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya riƙa tafiyar kilomita 30 a awa. Ba a jima ba sai cunkoso ya haɗu. Dalili kuwa shi ne, in direba ɗaya ya ɗan taka birki, na bayansa yakan taka fiye da shi, na bayan wannan kuma ya fi su, har a kai ga wanda zai tsaya cik. Ashe gaskiyar Bahaushe, sauri kan haifi nawa.

Mota marar direba tana auna tazarar da ke gabanta da kyamara da rada, kwamfuta kuma na sarrafa gudunta. Ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi. A 2017 aka bayyana sakamakon irin wancan gwaji a Tucson ta Amurka, inda aka sa mota ɗaya tak mai sarrafa gudunta cikin motoci wajen ashirin. Ita kaɗai ta daidaita tafiyar sauran, mai ma ya rage ƙonewa. A Nuwamban 2022 aka gwada motoci 100 a babbar hanyar I-24 kusa da Nashville, amma da mutane zaune a kan sitiyari.

Sai dai fa ba a nan gizo ke saƙa ba. In tafiya ta yi sauƙi, mutane za su ƙara yawan fita. Motar da ta sauke mai ita kuma za ta koma gida ba kowa a ciki, ta cinye wuri a banza. Hanya kuwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In motoci suka ninka, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, kada mu jira na'ura. Barin tazara da tafiya daidai wa daida abu ne da kowane direba zai iya tun yau. Allah Ya kai mu gida lafiya.