Kafin a sauke tsohon silin masallaci

'Yan uwa, duk shekara kafin damina ana gyaran masallatai da Islamiyyu a garuruwanmu na Gwarzo da Kabo, kuma galibi aikin gayya ne. Matasa su hau sama su ɓalle tsohon silin, yara su kwashe ɓaraguzan da hannu, a share. Ina roƙon kwamitocinmu su karanta wannan a tsanake.

Da yawa daga fararen allunan silin da kwanon siminti na tsofaffin gine-gine, waɗanda muke kira asbesto, an haɗa su ne da wani ma'adini mai zare-zare da ido ba ya gani. Muddin allon yana zaune lafiya, cutarwarsa kaɗan ce. Matsalar tana farawa ne idan an fasa shi, ko an sa masa zarto, ko an huda. Zaren ya tashi cikin ƙura, a shaƙe shi, ya maƙale a huhu. Ba tari a ranar, ba zazzaɓi. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 numfashi ya fara gagara: huhu ya taurare, ko ciwon daji ya kama shi ko tantanin da ya lulluɓe shi. A lokacin wa zai tuna da silin? Sai dai a ce asma ce, ko a ce sammu. Mai shan taba kuwa haɗarinsa ninkuwa yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Ingila ta haramta shi a 1999, Afirka ta Kudu a 2008.

A fahimtata, shugaban kwamitin da ya san wannan, sannan ya tura ɗan shekara 15 cikin ƙurar nan da sunan neman lada, to amanar yaron tana wuyansa.

Allon da bai lalace ba, a bar shi. Idan dole ne, manya su yi aikin, a fitar da yara, a jiƙa shi sosai da ruwa, a cire ƙusa a sauke shi ɗungurungum. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare zaren nan, kada a dogara da shi. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kada a kai wa iyali kayan aikin su kakkaɓe. Ɓaraguzan kuma a naɗe su a leda mai kauri a binne da zurfi, ba a raba wa maƙwabta su yi akurkin kaji ba.

Allah Ya kiyaye mu.