Aikin Yara A Gidan Baƙi Na Coci

'Yan'uwana ɗalibai, cikin darasin tarbiyya a kan gaya mana mu koya wa yara tausayi. To, faɗa da baki ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne, wane aiki za a ba yaro mai shekara tara ko goma ya yi da hannunsa, har ya amfani mabukaci ba tare da an kunyata kowa ba? Domin wannan tambaya ni ke so in ba ku labarin wani shiri na ikilisiyoyin ƙasar Amurka, mu duba yadda su ka yi da 'ya'yansu.

A farkon shekarun 1980 akwai wata mace, ana ce da ita Karen Olson, ma'aikaciyar wani kamfani ce, tana zaune a jihar Niyu Jasi. Wata rana a birnin Niyu Yok ta ga wata tsohuwa wadda ba ta da wurin kwana, sai ta saya mata burodi. Tsohuwar ta riƙe ta da magana, har ta gane mata tana jin yunwar abokin hira kamar yadda ta ke jin yunwar ciki. Daga nan sai ta riƙa ɗaukar 'ya'yanta maza biyu, ƙanana, suna zuwa raba abinci ga masu kwana a titi. Da ta bincika gundumarsu kuma, sai ta tarar akwai iyalai da yawa, uwa da 'ya'ya, waɗanda kuɗin haya ya gagare su aka fitar da su.

Da fari ita da shugabannin addini sun so su gyara wani gini ya zama gidan kwana. Kuɗi da dokokin gini su ka hana. Sai su ka lura, ai ɗakunan karatun ranar Lahadi a coci a rufe su ke kusan dukan mako. A watan Oktoba na 1986 ikilisiyoyi 11 su ka haɗa kai, kowace ta karɓi iyalan mako guda, sa'an nan ta miƙa wa ta gaba. Ba su kan wuce mutum 14 a lokaci ɗaya ba. Da yamma mota ta kawo su, a ci abinci, a shimfiɗa gadajen naɗi su kwana. Da sassafe mota ta kwashe su, yara su tafi makaranta, manya su tafi aiki ko neman aiki. Shirin ya bazu jihohi masu yawa, a 2003 aka sa masa suna Family Promise, wato alkawari ga iyali. Tun annobar korona ta 2020 rassa da dama sun bar wannan zagayen, sun koma ajiye iyalai a gida guda.

Yanzu ga inda maganarmu ta ke. Masu aikin sa kai su kan zo da 'ya'yansu. Yaran su kan jera kwanuka, su goge tebur, su taimaka wajen shimfiɗa. Amma a ganina waɗannan duka ƙananan ayyuka ne, babba ma zai yi su da sauri fiye da yaro. Aikin da babba ba ya iyawa shi ne wasa. Ku tuna, mafi yawan baƙin nan yara ne. Yaro ya rabu da ɗakinsa da kayan wasansa, kowace Lahadi a kai shi sabon wuri cikin baƙin fuskoki. In dattijo ya zo ya shafa kansa, ya tambaye shi lafiya, sai ya sunkuyar da kai. In kuwa tsaransa ya mirgino masa ƙwallo, kafin a gama kwashe kwanuka sun fara gardamar wa ya ci. Uwarsa kuma ta sami sa'a guda ta huta, ko ta cika takardar neman aiki. Shimfiɗar fuska, an ce, ta fi ta tabarma, yara kuwa ba a koya musu ita.

Akwai abu biyu cikin tsarin da ni ke so ku riƙe. Ba a kiran mutanen nan mabarata ko matalauta, baƙi a ke ce musu, masu aikin kuma masu masauki. Sa'an nan tebur ɗaya a ke ci. Ba a jera baƙi a layi da kwano a hannu, yaron coci na tsaye da ludayi yana zuba musu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da aka saba tsayar da shi a bayan tukunya zai tashi yana ganin mutane iri biyu ne, masu ludayi da masu kwano, shi kuwa ya san inda ya ke. Na fi tsoron wannan a kan rowa, gama mai rowa ya san bai yi kirki ba.

Sai maganar asiri, wadda ta shafe mu malamai kai tsaye. Yaron da ya kwana a coci daren Talata, mai yiwuwa ne ranar Laraba ya zauna benci ɗaya da ɗan masu masauki. Tun 1987 Amurka ta yi doka a kan marasa wurin kwana, daga baya aka ƙara mata ƙarfi, har ta ba irin wannan yaro ikon ci gaba da tsohuwar makarantarsa, a kuma karɓe shi ko ba shi da takardu. Doka ta buɗe masa ƙofar aji, amma ba ta iya kama bakin ɗan ajinsu. Kalma ɗaya a filin wasa, a ce wane a cocinmu ya ke kwana, ta isa ta sa ya ƙi zuwa makaranta. Saboda haka kafin a kai yaro wurin irin wannan aiki, dole a zaunar da shi a gaya masa: wanda ka gani can, ba ka gan shi ba, sai in shi ya fara yi maka maganar. Yaron da bai kai riƙe wannan ba, a bar shi gida tukuna, ko yana kuka.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙetare ne. A ƙarshen 2014, sa'ad da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane su ka sami mafaka a harabar babbar cocin Katolika ta Yola, yawancinsu mata da yara. 'Ya'yan masu gudun hijira irin waɗannan suna cikin azuzuwan da za a tura waɗansunmu. In shugaban makaranta ya ce a tara tufafi a kai musu, ni shawarata malami ya roƙa a bar mai ɗaukar hoto a gida, a kuma ba manya tufafin su raba a ɓoye, don kada yaro ya ga rigarsa a jikin wani ya nuna da yatsa. Yara kuwa a tafi da su da ƙwallo da igiyar tsalle, a gauraya su wajen raba ƙungiya, 'yan gari da baƙi a kowane gefe. Wanda ya iya karatu ya ɗauki littafinsa, ya zauna tabarma ɗaya da ƙaramin da ya yi wata uku bai ga allo ba.