DARASI GA MASU ƘANANAN OFISOSHI: YADDA ZA A ZAƁI NA'URAR BUGA TAKARDU MAI LAUNI

Gabatarwa

Jama'a, a zamanin da, tafireta da takardar kabon su ne jarin kowane akawu. Yau kuwa da wuya ka shiga ofis, ko na makaranta ne, ko na ƙungiyar gama kai, ko ɗakin shan magani, ba ka tarar da kwamfuta da na'urar buga takardu, watau firinta, a gefenta ba. Da yawa daga cikin masu waɗannan ofisoshi suna sha'awar sayen irin wadda ke bugu da launi ta hanyar hasken leza. Sha'awar ba laifi ba ce. Abin takaici shi ne, sau da yawa akan sayo na'urar da murna, bayan 'yan watanni a lulluɓe ta da zane a ajiye a lungu, domin an kasa ciyar da ita.

Manufar wannan darasi guda ɗaya ce: mai karatu ya gane cewa kuɗin da ya biya ranar ciniki somin taɓi ne. Ainihin tsadar na'urar tana cikin tawadar da za ta sha da wutar da za ta ci muddin tana aiki.

1. Yadda na'urar take aiki

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Gary Starkweather, ma'aikacin kamfanin Xerox, shi ne ya ƙera irin wannan na'ura, ta kuwa fara aiki a 1971. A 1984 kamfanin HP ya fitar da ƙarama wadda za a iya ɗorawa bisa tebur, sa'an nan a 1994 ya fitar da mai launi.

Wannan na'ura ba ta amfani da tawadar ruwa. Tawadarta gari ce mai laushi ƙwarai, wadda masu sana'ar ke kira tona. A cikinta akwai wani ƙarfe mai siffar gora wanda ke juyawa, ana ce masa diram. Hasken leza yakan zana rubutun a jikin diram ɗin, garin tawada ya manne daidai inda aka zana, kana ya koma bisa takarda. Daga nan takardar ta ratsa tsakanin wasu naɗe-naɗe biyu, ɗaya daga cikinsu da zafi kamar dutsen guga, zafin da kan kai wajen digiri 200 a ma'aunin Selsiyas. Zafin nan ne ke narkar da garin ya kama takarda. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi, shi ya sa kuma rubutun ba ya zuba idan ruwa ya ɗan taɓa shi.

Na'ura mai launi tana da kwanson tawada huɗu: shuɗi mai haske, ja mai kama da ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Alamarsu a jikin kwali ita ce C, M, Y da K. Daga gaurayar waɗannan huɗun ne kowane launi ke fitowa. A riƙe abubuwa biyu daga wannan bayani, domin sauran darasin a kansu ya ginu: kwanso huɗu ne za a riƙa saye, ba ɗaya ba, kuma akwai abin da ake zafafawa da lantarki a kowane bugu.

2. Shin ofishinka yana bukatar launi?

Kafin ka doshi kasuwa, ɗauki littafi ka rubuta duk takardar da aka buga a ofishinka har tsawon wata guda. Ka raba su gida biyu, masu bukatar launi da waɗanda baƙi ya wadatar. Idan wasiƙu ne da rasit da jerin sunaye suka fi yawa, to, na'ura mai baƙi zalla ta ishe ka. Ɗan abin da ke son launi sai a kai shagon masu bugu. Idan kuwa kullum kuna fitar da takardun shaida, da taswira, da sanarwa mai tambari, to, mai launi ta dace.

In hotunan mutane ne sana'arka, na'ura mai tawadar ruwa ta fi fito da su da kyau. Sai dai ita tana da nata aibin: idan ta daɗe ba a yi aiki da ita ba, tawadar takan bushe ta toshe kafofinta. Garin tawada kuwa ba ya bushewa, domin da ma busasshe ne.

3. Lissafin da ya wajaba a yi

Wannan shi ne zuciyar darasin. Kowane kwanso na ainihi yana da adadin shafukan da kamfani ya ce zai buga, kuma ana auna na masu launi bisa ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 19798. Raba kuɗin kwanso da yawan shafukansa, sai ka sami kuɗin shafi guda.

Ga misali, kuma alkaluman nan na koyon lissafi ne kurum, kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa. A ƙaddara ofishinka yana buga shafi 500 na launi a wata, watau 6,000 a shekara.

Na'ura ta farko kuɗinta N300,000. Kwansonta huɗu N240,000, suna buga shafi 1,200. Kowane shafi ya tashi a N200. A shekara tawada za ta ci N1,200,000. Jimla da kuɗin na'ura, N1,500,000.

Na'ura ta biyu kuɗinta N500,000. Kwansonta huɗu N360,000, suna buga shafi 4,000. Kowane shafi ya tashi a N90. A shekara tawada za ta ci N540,000. Jimla, N1,040,000.

Ka gani, wanda ya guji ta biyu don tsadarta ya tsira da N200,000 ranar ciniki, amma kafin wata huɗu ya cika ya mayar da su, a ƙarshen shekara kuwa ya yi asarar N460,000. Gaskiyar magabata da suka ce araha ba ta ado.

Har wa yau a lura da abubuwa uku. Na ɗaya, kwanson da ke zuwa cikin sabuwar na'ura galibi ba cikakke ba ne, na somawa ne, yakan ƙare da wuri. Na biyu, adadin shafukan da aka rubuta an auna shi ne da takardu masu matsakaicin rubutu. Shafin da aka cika da hoto yana shan tawada ninkin ba ninkin. Na uku, ban da tawada akwai sassan da ke tsufa a canza su, kamar diram, da bel ɗin da ke ɗaukar launi, da sashen zafi. Tambayi kuɗinsu tun kafin ka biya.

4. Batun wutar lantarki

Wutar ƙasarmu bolt 230 ce. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce. Yawancin na'urorin leza an ƙera su ne don ɗaya daga cikin biyun, ba sa karɓar duka kamar cajar waya. Saboda haka duk mai sayen na'urar da aka yi amfani da ita a ƙasashen waje, watau tokumbo, lalle ne ya juya bayanta ya karanta takardar da ke manne. In ya ga 110 zuwa 127, ya sani idan ya jona ta kai tsaye za ta ƙone. Wadda ta dace da mu ita ce mai 220 zuwa 240.

Sashen zafin nan da muka ambata yana fizgar wuta da ƙarfi a lokacin da yake ɗumama. Domin haka kada a jona na'urar a ƙaramin UPS na kwamfuta, zai fi ƙarfinsa. Wanda ke dogara da ƙaramin janareta ko inbata mai hasken rana, ya duba yawan wat da aka rubuta a littafin na'urar, ya shawarci ma'aikacin lantarki kafin ya saya. A sa mata sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da ita. Rigakafi ya fi magani.

5. Takarda da yanayin gari

Takardar ofis a ƙasar nan A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297, rim guda kuwa falle 500. Zaɓi na'urar da ke bugu gaba da baya da kanta, domin tana rage cin takarda ƙwarai. Idan mutum fiye da ɗaya za su yi aiki da ita, a nemi wadda ke haɗuwa da kwamfutoci da yawa, ta waya ko ba waya. Kada a saka mata takardar hoto ta na'ura mai tawadar ruwa, domin zafi na iya narkar da shafen da ke jikinta ya ɓata na'urar.

A garuruwan kudu irin su Legas da Fatakwal, damshi ne abokin gaba: takardar da ta sha laima takan nannaɗe ta maƙale. A bar rim cikin ƙunshinsa sai za a yi aiki da shi. A arewa kuwa ƙurar hunturu ce. A riƙa rufe na'urar bayan an kashe ta ta huce. Ko'ina ne, a ajiye ta inda iska ke ratsawa.

6. Ranar ciniki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya, zaga shaguna uku a garinku ka tambayi kwanson wannan samfurin. In sai an aika Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja ko Alaba kafin a samu, ka yi tunanin ranar da aiki zai tsaya cik ana jiran mota. Tabbatar kuma akwai mai gyaranta kusa da kai.

Sa'an nan ka kiyaye waɗannan:

(a) Gani ya kori ji. A kunna na'urar a gabanka, a buga shafin gwaji mai launi, ka duba ko akwai zane-zane ko dusashewa.

(b) In tsohuwa ce, a buga shafin rahotonta. Yana nuna jimlar shafukan da ta taɓa bugawa da sauran tawadar da ke ciki.

(c) Karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin na'ura, da lambar jikinta, tare da takardar garanti.

(d) Yi hattara da jabun kwanso. Yakan zubar da gari cikin na'ura, kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ya jawo.

Wanda aka sayar wa jabu ko lalatacce, mai shago kuma ya ƙi sauraronsa, yana da ikon kai ƙara ga Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Rasit ɗin nan shi ne shaidarsa.

7. Gargaɗi

Idan garin tawada ya zuba a tufafi ko hannu, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi narkar da shi yake yi ya kama. Kada a jefa tsohon kwanso cikin wuta. Daga ƙarshe, buga jabun kuɗi ko jabun takardun shaida babban laifi ne. A sani kuma, da yawa daga cikin na'urorin nan suna barin ƙananan ɗigo masu ruwan rawaya a kowane shafi, waɗanda ido ba ya gani sosai, amma suna iya nuna na'urar da ta buga shi. Shugaban ofis ya san wanda ya bar wa amanarta.

Tambayoyi don bita

1. Kwanson tawada nawa ne a cikin na'ura mai launi, kuma waɗanne ne?

2. Kwanso huɗu sun tashi a N280,000, suna buga shafi 2,000. Nawa ne kuɗin shafi guda?

3. Me za ka duba a bayan na'urar tokumbo kafin ka jona ta?

4. Ƙidaya takardun ofishinka na wannan wata. Nawa ne daga ciki suke bukatar launi da gaske?