Kananzir a Gorar Tangui

Daren Talatar da ta wuce ina bakin aiki a ɗakin yara aka shigo da wani yaro ɗan shekara biyu a kan benskin, wato acaɓa, daga unguwar Hausawa ta New Bell. Tun kafin a kwantar da shi na ji warin kananzir a bakinsa da rigarsa. Numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, na maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa ta nuna 82.

Na tambayi uwar yaushe ya sha. Ta ce tun jiya da magariba. Jiya fa! An ɗauke wuta, aka zuba wa fitila kananzir, ragowar aka bar shi cikin gorar Tangui a gindin randa. Yaro ya wuni yana wasa cikin zafin Duwala, ƙishirwa ta kama shi, ga gora irin wadda ake ba shi ruwa da ita kullum. Me zai hana shi kafa kai?

Kakarsa ce ta fara "taimako". Ta ɗura masa manja cokali uku, ta zura yatsa a maƙogwaronsa har ya yi amai sau biyu. Da tari ya ƙi tsayawa sai aka nufi wani mai sayar da magani a bakin layi, mutumin da ko ƙofar makarantar jinya bai taɓa gani ba. Ya tsira wa yaro allura, ya ba da maganin tari, ya karɓe sefa 3,000, ya ce a je a kwanta. Aka kwanta kuwa. Da muka ɗauki hoton ƙirji, ƙasan huhun dama ya riga ya kamu. Kwana shida yana kan oksijin. Allah ya sa da sauran kwana.

Na gaya wa kakar aman nan ne ya tura kananzir cikin huhu. Ta ce, "'Yar nan, ai da manjan nan muka raini iyayenku." Na ce, "Iya, Allah ne ya tsare su, ba manja ba." Kananzir ɗin da ya sauka ciki da sauƙi. Ɗigon da ya zarce huhu shi ke kisa, kuma amai ne ke buɗe masa hanya.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san gidan. Bara yayar wannan yaron ce aka kawo mana, ta kurɓi javel, ruwan bilicin wanki, daga kwalbar lemon Top. Ni da bakina na zaunar da uba da uwa na yi musu bayani, suka ce in sha Allahu an daina. Uban ma cewa ya yi aikin mata ne, alhali shi ke sayo kananzir ɗin a gorar ruwa ya dire a tsakar gida.

Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai. Ba manja, ba madara, ba ruwan gishiri. A tuɓe rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a kawo shi asibiti nan take tare da gorar, ko da yana wasa yana dariya, don muna so ya yi aƙalla awa 6 a gabanmu. Masu haɗa sabulu a gida, sodar nan da kuke jiƙawa a bokiti ta fi kananzir mugunta, tana ƙone maƙoshi har yaro ya kasa haɗiyar koko. Maganin ɓera a kan faranti ma haɗari ne. Na sake faɗa, kada a sa shi amai.

Hajiya, Alhaji, kafin ku kwanta yau ku leƙa gindin randa da ƙarƙashin gado. Duk gorar ruwan da ba ruwa ne a cikinta ba, a ɗauke ta a kulle.