Filin Shawara: Naman layya da ƙanƙarar firiza

 Ina da ciki wata shida. Naman layyarmu yana firiza, wuta ta ɗauke kwana uku ya narke sharkaf, da ta dawo ya sake daskarewa. Maigida ya ce ƙanƙara ta kashe kowace ƙwayar cuta, in dafa kawai. Ni dai raina bai kwanta ba.
Uwargida daga Zariya

Ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida maigida, amma a wannan karon ke ce da gaskiya. Ƙanƙara ba ta gamawa da ƙwayoyin bakteriya, galibinsu kwantar da su take yi, da nama ya narke su farka su ci gaba da hayayyafa.

Akwai ma waɗanda sanyi ne gidansu. A arewacin Kanada, cikin ƙasar da ba ta narkewa rani da damina, masana sun samu wata da ke hayayyafa a digiri 15 ƙasa da sifili. A ƙanƙarar teku kuwa akwai 'yan siraran hanyoyi na ruwan gishiri da ba ya daskarewa, wasu suna iyo a ciki da wata 'yar wutsiya da suke juyawa. Kin ga yadda kitsen rago ke sandarewa a kwano da hunturu, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa? To fatar jikin waɗannan ƙwayoyin irin man gyaɗan ce, sanyi ba ya ƙage ta.

Wadda ta fi tayar mini da hankali saboda cikinki ita ce Listeriya. Tana yaɗuwa cikin firij a digiri 4, ba wari ba canjin launi, kuma tana jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. A Afirka ta Kudu, daga 2017 zuwa 2018, ta kashe fiye da mutum 200 ta hanyar sarrafaffen nama, jarirai da yawa a cikinsu.

Firiza cike, idan ba a buɗe ba, yakan riƙe sanyi kamar kwana biyu. Naki ya wuce nan, kuma wasu ƙwayoyin suna barin dafin da tafasa ba ta karyawa. Na san zubar da naman layya da ciwo, amma ki zubar. Badi in Allah ya kai mu, ku soya shi ƙayau tun ranar sallah. Idan kuma kin riga kin ci, kika ji zazzaɓi ko ciwon jiki, ki tafi asibiti ranar, ki faɗa wa likita abin da kika ci.